Haɗin Shafa'atu

SHAFI NA 23

Da sunan Allah muke buɗewa.

Masu biyo ni ta waya suna cewa na bar Shafa'atu riƙe da kula a bakin titi har kwana huɗu, ku yafe ni, aiki ne ya sha min kai. Addu'o'inku sun iso, na gode, Allah ya bar zumunci. To, ku gyara zama.

*

Hawa biyar ne gidan, kuma lif ɗin ya lalace.

A hawa na uku Shafa'atu ta jingina da bango tana mayar da numfashi, kular dambun zogale a hannun dama, ƙunshin kilishin Maraɗi a hagu. Shekara arba'in da bakwai ba wasa ba ce ga gwiwa. Amma yau ko hawa goma ne sai ta hau, ko da rarrafe.

Ta ajiye kular ta shafa kumatunta. Har yanzu ba ta gama yarda ba. Laushi. Babu zugi, babu ɓawo.

Mako takwas da suka wuce, ko ruwan alwala ne ya taɓa wannan fuskar sai ta ciji leɓe. Kuma ba wani ya yi mata ba, ita ta yi wa kanta. Ta ga bidiyon matan Koriya masu fata kamar gilashi, ta yi odar kwalabe iri-iri, ta juye retinol da asid kala biyu da wasu da ko sunansu ba ta iya karantawa a roba guda, ta gauraya da cokali kamar mai dama kunu. Ta ɗura a ƙananan kwalabe, ta jera a butik ɗinta na unguwar Highbridge a Bronx, tsakanin turaren wuta da atamfofi, ta raɗa masa suna Haɗin Koriya, mai mayar da tsohuwa yarinya. Don mata su gani da idonsu, ita ta fi kowa shafawa, safe da yamma. Sati uku fuskar na sheƙi. A na huɗu ta fara ɗayewa kamar albasa.

Ana cikin haka Allah ya jefo mata Najat, 'yar Zangon Kumasi, mai aikin gyaran fata a wani shagon 'yan Koriya a Manhattan. Tun daga ranar, duk Lahadi yarinyar na zuwa bayan kantar butik ɗin ta duba ta, ba ta taɓa karɓar ko ruwan sha ba. Sai wannan satin ta ce, "Anti, wannan karon ke za ki zo gidanmu, unguwar University Heights."

Shi ya sa tun asuba Shafa'atu take kan tukunya.

Kafin ta ƙwanƙwasa aka buɗe ƙofar.

"Ei, Anti! Tun daga ƙasa nake jin hakinki."

"Ke dai bari, ɗiyata. Ku nan ba ku da tausayin tsofaffi? Karɓi, karɓi kafin hannun ya cire."

Najat ta karɓi kayan tana dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. Shafa'atu ta lura, ta ɗauka gajiyar aiki ce. Falon ƙarami ne, tsaf-tsaf, ƙamshin waakye, shinkafa da waken 'yan Gana, na tasowa daga kicin. Ƙofar ɗakin ciki a rufe.

"Zo nan bakin taga. Hasken rana ba ya ƙarya."

Shafa'atu ta zauna ta ɗaga haɓa kamar yarinyar da za a yi wa kwalli. Najat ta wanke hannu, ta zo ta danna kumatun da ɗan yatsa a hankali, ta duba gefen hanci, ta duba ƙarƙashin ido.

"Da kika wanke da safe, ta ɗaure?"

"Ko kaɗan."

"Man ya yi miki zafi?"

"Kwana goma sha biyu ke nan rabona da jin zafi. Ina ƙirgawa."

"Na kare rana fa? Ki gaya min gaskiya."

"Wallahi ko gajimare ne sai na shafa. Har maigidana Habibou na yi min dariya, wai baƙar mace da tsoron rana."

"Ki ce wa Baba Habibou rana ba ta tambayar kalar mutum kafin ta ƙona shi." Najat ta ja da baya, ta naɗe hannu. "Alhamdulillah. Bangon ya tsaya."

Shafa'atu ta rufe ido. Wannan kalmar take jira tun ranar farko, ranar da Najat ta kwashe kwalabe goma sha ɗaya daga jakarta ta bar mata uku kacal: sabulu marar kumfa, mai mai kauri na seramayid, da na kare rana. A ranar ta ce mata fata bango ce, ƙwayoyinta tubali, maiƙon da ke tsakaninsu shi ne laka. Ita kuwa ta kankare lakar tas, ta bar tubali tsirara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

"To, ɗiyata..." Ta buɗe ido ɗaya. "Tun da bango ya tsaya..."

"Na san za ki zo nan."

"Layukan nan na goshi. Dube su. Kamar an yi huɗar gero."

"Anti!"

"Mi na ce? Ni ban ce zan koma ɗiya budurwa ba. Amma in hau jirgin ƙasa lamba huɗu yara su riƙa tashi suna ba ni kujera? Haba."

Wannan karon dariyar gaske Najat ta yi. Ta buɗe jakarta ta ɗauko wata 'yar kwalba da ba ta kai tsawon yatsa ba.

"Ga shi. Retinol ne, amma mai sauƙin ƙarfi."

Shafa'atu ta janye hannu kamar an miƙo mata garwashi.

"Shi? Wanda ya ƙona ni?"

"Ba shi ya ƙona ki ba, yawa ne da haɗe-haɗe. Gishiri ma in kika juye gwangwani guda a miya, ai ba laifin gishiri ba ne. Ki saurara da kyau. Sau biyu a sati, Litinin da Alhamis, in za ki kwanta."

"Ranakun azumin nafila. Ba zan mance ba."

"Yawwa. Ɗigo ɗaya, girman ƙwayar wake, ga fuska duka. Ki fara shafa mai, ki sa shi a tsakiya, ki sake rufewa da mai. Sauran kwana biyar ɗin na bango ne, ki bar fata ta huta ta sha ruwa. Babu asid, babu gurza. Ranar da kika ji ɗaci-ɗaci ko kika ga ja, ki ajiye shi sati guda ki koma kan ukun nan naki."

"Matakai goman na shafe-shafe da 'yan Koriya ke yi fa? Har da yauƙin dodon koɗi na gani."

"Uwar ɗakina 'yar Koriya ce, shekararta sittin da ɗaya. Abu huɗu take shafawa. Kullum cewa take, fatar da ke fushi ba ta jin magani. A lallashe ta tukuna, sannan a roƙe ta ta rage tsufa."

"Yaushe zan ga canji?"

"Wata uku. Wataƙila shida. Kuma ba duka za su tafi ba, Anti. Wasu naki ne, kin yi aiki kin same su."

Shafa'atu ta karɓi kwalbar da hannu biyu. Ta daɗe tana kallon ta.

"Najat."

"Na'am, Anti."

"Ni ban san mi na yi wa Allah ya turo min ke ba. Ba dangin iya, ba na baba. Ke Gana, ni Nijar. Kin same ni ina ɓoye fuska kamar ɓarauniya, mijina ma sai na kashe fitila nake cire takunkumi. Na daina zuwa masallaci, na daina zuwa suna. Kika riƙa hawo tudun Highbridge duk Lahadi, ranar hutunki guda ɗaya. Merci ba ta isa ba. Na gode ba ta isa ba. Uwar da ta haife ki, Allah ya sa ta a Aljanna tun tana raye. Ki kai ni in gan ta in durƙusa mata."

Najat ba ta ce amin ba.

Ta sunkuyar da kai tana murza zoben hannunta.

"Shi ya sa na ce ki zo gida, Anti."

Aka yi gyaran murya a ɗakin ciki. Ƙofar ta buɗe.

Mace ce doguwa, ta ba hamsin baya, da farin mayafi da carbi a hannu. Shafa'atu ta miƙe da fara'a, har ta buɗe baki za ta yi gaisuwa. Sai gaisuwar ta maƙale.

Ta san tsayin nan. Ta san wushiryar nan.

"Hajiya Nimatu?"

"Ashe ba ki manta ni ba."

Ina za ta manta? Shekara huɗu matar na zuwa butik sayen turaren wuta da kanwa, su zauna su yi ta musun tuwon wa ya fi daɗi, na Gana ko na Nijar. Kafin Babbar Sallah ta sayi kwalba biyu na Haɗin Koriya. Daga nan ba ta sake leƙowa ba, Shafa'atu kuma ciwon kanta bai bar ta ta nemi kowa ba.

Hajiya Nimatu ta tako har bakin tagar, inda hasken yake. Ta zame mayafin daga kumatunta.

Baƙin tabo ne shimfiɗe daga ƙarƙashin ido har haɓa, hagu da dama, kamar an ɗora mata bayan tukunya.

"Mma ce," Najat ta faɗa a hankali. "Ita ce uwar da kike wa addu'a."

Kwalbar ta suɓuce daga hannun Shafa'atu ta gangara ƙarƙashin kujera.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Zauna," in ji Hajiya Nimatu.

"Yaya, ni..."

"Na ce ki zauna. Na yi wata biyu ina shirya maganar nan, ba za ki katse ni ba."

Shafa'atu ba ta koma kujera ba. A ƙasa ta zube.

"Kin san aikina. Tsofaffi nake kula da su a gidajensu. Akwai wata tsohuwa a Riverdale, shekara shida ina tare da ita. Ta manta sunan 'ya'yanta, amma ba ta manta nawa ba. Ni nake mata wanka, ni nake ba ta abinci a baki. In ba ni ba, ba ta buɗe baki kuraa, ko kaɗan. Da fuskata ta kumbura ta fashe, na shiga ɗakinta da safe, ta kalle ni ta ƙwala ihu. Wai an turo mata baƙuwa. Na sa takunkumi, ta ƙara firgita. Kwana uku ana haka, 'ya'yanta suka ce a canza ni."

"Wayyo Allah."

"Ta rasu watan jiya. Ba na wurin."

Daga ƙasa ana jin kiɗan wata mota da ke wucewa. Hawaye na zuba a fuskar Shafa'atu, kuma karon farko cikin wata biyu gishirinsu bai yi mata zafi ba. Wannan ma sai ya ƙara mata kunya.

Ta juya ga Najat.

"Kin sani? Tun ranar farko kin sani?"

"Na sani."

"To don mi? Don mi kika taɓa ni da hannunki?"

Najat ta ciro wayarta.

"Anti, ranar da na shigo butik ɗinki ba sayayya na zo ba. Na kwana ina jin Mma na kuka a banɗaki. Na zo da wayata a kunne cikin aljihun riga, kyamara na leƙowa. Niyyata in sa ki yi tallan haɗin da bakinki, in haɗa da hoton fuskar Mma, in watsa. Na rantse sai duk Bronx da Brooklyn sun san sunanki. Sai kin rufe butik ɗin nan."

Ta danna, ta miƙa mata.

Shafa'atu ta ga kanta a bayan kantar butik, da takunkumi har ido. Ta ji muryar Najat na tambaya, "Anti, akwai Haɗin Koriya?" Ta ga kanta ta girgiza kai, ta waiga hagu da dama, sannan ta ja takunkumin ƙasa. Jar fuska, tana tsattsafo da ruwa. Ta ji muryarta tana cewa, "Ɗiyata, kada ki saya ko a wurin wa. Dubi abin da ya yi min. Don Allah, ko kin san mai magani?"

A nan bidiyon ya yanke.

"Na zo neman azzaluma," in ji Najat, "na tarar da marar lafiya. Na kashe wayar. Na fita na tsaya a kan matakalar titi kusan rabin awa ina faɗa da zuciyata. Sannan na dawo na ce ki kawo jakarki in gani."

"Ba ta gaya min ba fa," Hajiya Nimatu ta karɓe. "Sai a sati na uku na gane. Na ga man da take kawo min yana saurin ƙarewa. Na tsare ta. Da ta faɗa min inda rabin yake zuwa, kwana biyu ban amsa gaisuwarta ba. Na ce, ke Najat, ni na haife ki ko matar Nijar?"

"Rabin..." Shafa'atu ta dafe ƙirji. "Man da nake shafawa?"

"Nawa ne. Kwalba ɗaya ake rabawa biyu."

"To bayan kin gane fa, Yaya?"

Hajiya Nimatu ta kawar da kai ta kalli taga.

"A rana ta uku ta nuna min bidiyon nan. Na kalla sau biyar. Na ce, wannan ba mugunta ba ce, wauta ce. Mai mugunta ba ya fara shan gubarsa. Daga ranar ni nake ɗura miki rabonki da hannuna. Har nakan ƙara miki kaɗan, don na ga taki ta fi tawa ɗanyancewa."

Shafa'atu ta rarrafa ta kama ƙafafunta. Kuka take yi sosai, irin na yara, har da shessheƙa.

"Ki yafe min, Yaya. Don girman Allah ki yafe min. Na ci amanar ciniki, na ci amanar zumunci. Na ƙona ki, kika ba ni maganinki. Da wane baki zan gode miki?"

"Tashi, kina jiƙa min safa."

"Ba zan tashi ba sai kin ce kin yafe."

"Ei, matar nan da taurin kai paa. Fuskata na yafe tun tuni. Najat ta ce tabon zai dushe in na yi haƙuri da man kare rana, in bai dushe ba ma, ba kasuwa zan kai ta ba. Ni ma da laifina. Shekara hamsin da shida, wai ina son in koma yarinya kafin Sallah. Wa ya aike ni?" Ta ja numfashi. "Maganar tsohuwata ce ta fi min ciwo. Ita ma na bar wa Allah. Amma akwai abin da ban yafe ba."

Shafa'atu ta ɗago.

"Na ji kin daina sayarwa."

"Tun ranar da fuskata ta fashe. Na kwashe na zubar."

"Waɗanda suka riga suka shiga gidajen mutane fa? Kin kira mace ɗaya kin ce ta daina?"

Shafa'atu ta saki ƙafafun Hajiya Nimatu ta sadda kai.

"Kunya ta hana ki."

"Kunya ta hana ni," ta amsa, murya can ƙasa.

"To ni ma kunya ce ta hana ni zuwa in gaya miki. Kowa ta ɓoye fuskarta a ɗaki, haɗin kuma yana ta cin mutane. Shiru-shirun nan namu ya isa haka."

Najat ta durƙusa kusa da ita ta sa mata wayar a hannu.

"Ga bidiyon, Anti. Ba wanda ya taɓa gani sai ni da Mma. Na ajiye ne don ki goge da hannunki."

Shafa'atu ta kalli jar fuskar da ke kan wayar. Ta tuna zauren WhatsApp na butik ɗinta, mata sun fi sittin, inda take sa hoton sabbin atamfofi. Matan Nijar, matan Gana, matan Kano da ke Flatbush. Wasu sun san ta tun tana shimfiɗa gyale a bakin titi cikin sanyi. Ta san bakinsu. Ta san abin da za a faɗa a gidan suna na gaba.

Ta share ido da bakin mayafi.

"Ba zan goge ba. Turo min shi."

"Anti?"

"In na faɗa da baki kawai, wata za ta ce ai ga fuskar Shafa'atu nan sumul, ƙarya take. Su ga wannan. Turo."

Hajiya Nimatu ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta miƙa hannu ta ɗaga ta daga ƙasa.

"Yanzu na yafe duka."

Suka zauna su uku a doguwar kujera. Shafa'atu ta tura bidiyon, ta danna wurin ɗaukar murya, Najat na raɗa mata abin da za ta ƙara.

"Assalamu alaikum, 'yan uwana mata. Shafa'atu ce ta butik. Wadda kuka gani a bidiyon nan ni ce, kuma Haɗin Koriya ne ya yi min haka. Ni na haɗa shi da hannuna, ba da ilimi ba. 'Yan Koriya ba su san da shi ba, sunansu kawai na ara. Duk wadda take da shi ta daina yau, kada ta ba wata. Wadda fuskarta ke zafi ko ɗayewa ta ajiye komi, ta wanke da ruwa, ta shafa mai marar turare, ta guji rana. In ya yi tsanani ta ga likita, kada ta ji kunya kamar ni." Najat ta taɓa ta, ta raɗa mata wani abu. "Kuma mai juna biyu ta ji da kyau. Akwai retinol a ciki, likitoci sun hana mai ciki shafa shi. In kin shafa, ki gaya wa likitanki. Na cuce ku ban sani ba. Ku yafe min don Allah."

Ta saki. Saƙon ya tafi.

"Shi ke nan," ta ce. "Na zama abin magana."

"Ki zama, da cikinki a cike," in ji Hajiya Nimatu. "Najat, kawo waakye. Buɗe min kular nan in ga ko 'yan Nijar sun koyi dambu."

Ba su kai loma biyar ba wayar ta fara ƙara. Saƙo kan saƙo. Wata ta rubuto Allah ya isa. Wata ta fita daga zauren ba sallama. Amma wata, Na'ima mai kitso, ta turo murya tana kuka, ta ce sati uku ke nan tana zaton jifa aka yi mata, har ta fara zargin maƙwabciyarta, Allah ya saka da alheri da aka faɗa mata gaskiya. Wata ta ce jiya-jiya ta yi niyyar ba ƙanwarta. Wata ta tambayi ko yarinyar da ta yi maganin za ta duba ta.

"Ga shi nan kin jawo min aiki," in ji Najat.

"Bayan kantata naki ne duk Lahadi. Ni zan riƙa dafa shayi."

"Dambun nan ya yi," Hajiya Nimatu ta faɗa da baki cike. "Amma mai ya yi kaɗan."

Shafa'atu ta yi dariya da hawaye a ido. Ta ji ƙirjinta ya yi sakayau, kamar an sauke mata buhun gero. A zuciyarta tana ta jera hamdala.

Sai wayar ta yi ringin. Kira ne, ba saƙo ba.

Firdaoussi. 'Yarta tilo, wadda aka kai ɗakin miji a Flatbush wata takwas da suka wuce.

"Ga amarya ta ga abin kunyar uwarta," ta ce, ta ɗauka tana murmushi. "Allo, Firdaoussi?"

"Mama."

Murmushin ya ɗauke. A ƙasar nan aka haifi Firdaoussi. Ko da Hausa aka yi mata magana, da Turanci take amsawa. Ba ta komawa Hausa sai in ta tsorata.

"Mama, na ji saƙonki."

"To, ki yi haƙuri, ɗiyata, dole ce ta sa..."

"Ranar da na zo taya ki jera kaya. Na ɗauki biyu a ƙarƙashin kanta. Ban gaya miki ba."

Shafa'atu ta miƙe tsaye. Cokalin ya faɗi.

"Kin shafa?"

"Kullum. Kaɗan-kaɗan. Bai ƙona ni ba, shi ya sa ban daina ba."

"To ki daina yanzu. Ki zubar. Alhamdulillah da bai..."

"Mama, ki tsaya." Muryar ta karye. "Abin da kika faɗa a ƙarshe. Na masu juna biyu."

Hajiya Nimatu ta ajiye loma.

"Na so sai Juma'a in zo in faɗa muku ke da Baba. Wata uku ne, Mama."

Najat har ta zura takalmi ɗaya, tana laluben jakarta.

"Anti, sa ta a sifika. Tambaye ta sunan likitanta. Tambaye ta yaushe ta shafa na ƙarshe."

"Firdaoussi, yaushe kika shafa na ƙarshe?"

Shafa'atu ta matso da wayar kusa da bakinta.

"Firdaoussi!"